Tuƙi cikin maye: laifin da ake gama aikatawa tun kafin mota ta motsa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karɓe makullin mota daga hannun mutumin da ya sha ya san maganganun da ke biyo baya. "Kaɗan na taɓa." "Ai ba nisa, nan da nan ne." "Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina." Akwai ma wanda zai rantse maka cewa idan ya ɗan sha hannunsa ya fi faɗawa da sitiyari. Abin tsoron shi ne yawancinsu ba ƙarya suke shirgawa ba, haka suke ji a ransu da gaske. Idan kuma gari ya waye da gawa a bakin titi, sai a ce tsautsayi ne, wai shi ba ya wuce ranarsa.

Wannan kalma ta tsautsayi ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tayar da ta fashe ba zato, ko dabbar da ta faɗo kan hanya cikin duhu, waɗannan ana iya kiransu tsautsayi. Amma mutumin da ya sha abin da ya san yana bugarwa, ya buɗe ƙofar mota, ya zauna, ya murza makulli, ya riga ya kammala laifinsa a daidai wannan lokacin. Ko ya isa gida lafiya ko ya take ɗan wani a hanya, abin da ya aikata guda ne. Bambancin kawai shi ne ko wani ya gifta ta gabansa a daren. Saboda haka duk tsarin da ke jira sai rai ya salwanta kafin ya motsa, ya makara.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Barasa na da kaso mai tsoka a ciki. A Amurka, inda ake auna jinin direbobi da yawa bayan mummunan haɗari, sama da mutum 13,000 ne suka mutu a 2022 a haɗurran da wani direba ya wuce iyakar barasa a jini da doka ta yanke, wato kusan ɗaya cikin kowane uku da hanya ta ci. A wurare da dama na duniya ba a auna kowa bayan haɗari, ana rubuta "gudun wuce sa'a" ko "ƙwacewar mota" a rufe fayil. Rashin adadi a irin waɗannan wurare yana nufin ba a duba ba ne kawai.

Abin da barasa ke yi wa direba

Barasa ba ta jiran a narkar da ita kamar abinci. Kaɗan na shiga jini ta tumbi, mafi yawa ta ƙananan hanji, kuma cikin 'yan mintuna ta isa ƙwaƙwalwa. Abin da take fara taɓawa shi ne ɓangaren da ke auna abu ya ce wa mutum "a'a, dakata". Tangaɗi da lauyewar harshe daga baya suke zuwa. Nan ne tarkon yake: ma'aunin da mutum zai duba ya gane ko ya cancanci tuƙi shi ne farkon abin da ya lalace. Wanda ya ce maka garau yake jin kansa, da lalataccen ma'auni ya auna.

Tuƙi kuwa aiki ne na raba hankali gida-gida. Ido na kan motar gaba, yana leƙen madubi, yana lura da mai babur a gefe, ƙafa na tsakanin totur da birki, kunne na sauraren hon. Mai maye yakan iya riƙe abu ɗaya daga cikin waɗannan, misali ya tsaya a layinsa, sauran kuma su suɓuce masa. Ganinsa na gefe yana ƙuntata. Idan fitilar wata mota ta haske masa ido, yakan daɗe kafin ya dawo gani sosai. Sannan ga jinkirin taka birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa kacal ya zama mita 14, tsawon motoci uku a jere. A cikin wannan tazarar ne ake rabuwa tsakanin wanda ya tsallake titi da wanda aka kwasa.

Ana auna barasar da ke jini da giram a cikin kowane mililita 100. Idan aka ce 0.05, ana nufin giram 0.05 ke nan. Haɗarin yin karo yana fara hawa tun kafin a kai nan, a hankali da farko, daga baya ya miƙe kamar an harba shi. Wanda ya kai 0.15 ya ninka wanda bai sha ba fiye da sau goma wajen yiwuwar yin haɗari.

Hanta ce ke fitar da barasa, kuma ba ta da gaggawa. A matsakaici tana rage kusan 0.015 ne a kowace awa. Kofi mai ƙarfi, watsa ruwan sanyi, ɗan zagaye a iska, duk ba sa ƙara mata sauri. Iyakarsu su buɗe wa mai maye ido ya ƙara yarda da kansa. Ɗauki mutumin da ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare da 0.15 a jininsa. Ƙarfe bakwai na safe, ya yi barci, ya yi wanka, ya ɗauki yara zai kai su makaranta, har yanzu yana wajen 0.06. Shi a zuciyarsa shan jiya ya wuce tare da jiya. Haka nan wanda ya daɗe yana sha har jikinsa ya saba: ba ya tangaɗi, magana tasa tsaf, amma saurin ƙafarsa zuwa birki bai saba da komai ba.

Yadda aka mayar da maye lamba

A farkon zamanin mota, ɗan sanda hancinsa da idonsa kawai yake da su. Ya shinshina bakin direba, ya sa shi tafiya a kan layi, ya kai shi gaban likita. A kotu kuma sai a shiga musu: lauya ya ce gajiya ce, ko ciwo ne, ko haka tafiyar mutumin take tun asali. Mutane da yawa sun sha da ƙyar ta wannan ƙofa.

Wani masani ɗan Suwidin, Erik Widmark, shi ya shimfiɗa lissafin yadda barasa ke yaɗuwa a jiki da yadda take fita, a shekarun 1920 zuwa farkon 1930. A 1936 ƙasar Norwe ta zama ta farko da ta kafa doka a kan lamba: duk direban da aka samu da sama da 0.05 ya yi laifi, ko da tuƙinsa bai nuna komai ba. A Amurka Rolla Harger ya ƙera wata na'ura da ake hura balan-balan a auna iskar, sannan a 1954 Robert Borkenstein, wanda ya yi aiki da 'yan sandan jihar Indiyana, ya fito da na'urar gwajin numfashi mai sauƙin ɗauka. Dabarar ita ce barasar da ke jini tana ratsawa cikin iskar huhu a wani ƙayyadadden rabo, kusan kashi ɗaya a numfashi ga kashi 2,100 a jini. Borkenstein ɗin ne kuma ya jagoranci binciken garin Grand Rapids na 1964, inda aka kwatanta direbobin da suka yi haɗari da waɗanda suka bi wurin lafiya, aka ga yadda haɗari ke hawa tare da lambar.

Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Tambayar kotu ta tashi daga "ya bugu ko bai bugu ba?", wadda kowa ke da ra'ayinsa a kai, ta koma "nawa aka samu a jininsa?" Kuma ya ba hukuma damar kama mutum kafin ya yi ɓarna.

A yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada iyakar ta wuce 0.05 ga kowa, 0.02 kuma ga matasa da sababbin direbobi. Suwidin ta sauko zuwa 0.02 tun 1990. Japan na kan 0.03. Hangari da Jamhuriyar Cek ba su yarda da ko ɗigo ba. Amurka na kan 0.08, ban da jihar Yuta da ta koma 0.05 a ƙarshen 2018.

Me ke hana mutum?

Duk lokacin da aka yi wani mummunan haɗari, kiran da ake yi ɗaya ne: a tsananta hukunci, a ƙara shekarun ɗauri. Na fahimci wannan fushi, kuma zan dawo kansa. Amma idan abin da ake nema shi ne kada a yi haɗarin gobe, tarihi ya koyar da wani abu daban. Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya yi nuni da cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi. Ba inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a tuƙi cikin maye. Mutumin da ya tuƙa a buge sau hamsin bai taɓa ganin an tsayar da shi ba, ko an ce hukuncin ɗaurin rai da rai ne ba zai girgiza ba, domin a lissafinsa wannan hukunci na wasu ne. Kowane dare da ya isa gida lafiya ƙarin hujja ne a wurinsa.

Birtaniya ta ga haka da idonta. A 1967 ministar sufuri Barbara Castle ta kawo iyakar 0.08 da gwajin numfashi a bakin hanya. An zage ta, har barazanar kisa an aika mata. Amma mace-mace da raunuka suka faɗi nan take, musamman a tsakar daren ƙarshen mako, lokacin da ake tashi daga mashaya. Bayan 'yan shekaru sai tasirin ya fara dusashewa. Dokar na nan yadda take, sai dai direbobi sun gano cewa 'yan sanda ba su cika tsayar da mutane yadda aka tsorata su ba. A Disambar 2014 kuma yankin Sikotilan ya rage iyakarsa daga 0.08 zuwa 0.05. Masu bincike da suka bi diddigi ba su ga raguwar haɗurra ba a shekarun farko, kuma babban dalilin da suka kawo shi ne ba a ƙara yawan gwaji a hanya ba. An sauya lamba a takarda, titi bai ji ba.

Ostireliya ta bi wata hanya. Jihar Biktoriya ta fara gwajin numfashi na kan mai uwa da wabi a 1976, Niyu Sawut Wels ta bi a Disambar 1982 da ƙarfinta. Ma'anarsa ɗan sanda ba ya buƙatar ya zarge ka da komai. Ana kafa shinge da manyan motoci masu fitilu inda kowa zai gani, a kowane lokaci, a kowace unguwa, duk wanda aka tsayar ya hura, cikin ƙasa da minti ɗaya ya wuce. Ana gwada miliyoyin direbobi a shekara, ana kuma yayata abin a talabijin da rediyo. Yawancin waɗanda ake tsayarwa ba su sha komai ba, kuma wannan ba asara ba ce, shi ne ma manufar. Wanda aka gwada jiya zai gaya wa abokinsa, abokin kuma zai tuna da maganar lokacin da aka miƙo masa kwalba ta uku. Mace-mace suka ragu, raguwar kuma ta ɗore, domin shingen bai ɓace ba bayan an gama ɗoki.

Akwai masu cewa tsayar da mutumin da bai yi laifin komai ba tauye 'yanci ne, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A Amurka sai da batun ya kai Kotun Ƙoli, wadda a 1990 ta halatta shingayen gwaji, duk da haka wasu jihohi har yau ba sa kafa su. Kanada sai a Disambar 2018 ta ba 'yan sanda ikon gwada duk direban da suka tsayar bisa ƙa'ida ba tare da zargi ba. Ni a ganina minti ɗaya na hura iska farashi ne mai sauƙi, da sharaɗin a yi wa kowa daidai. Shingen da ke tsayar da mai tsohuwar mota ya sara wa mai sabuwa ya rasa hujjarsa.

Sai kuma babbar ɓaraka, wato cin hanci. Inda jami'i ke karɓar toshiyar baki, tsananta hukunci ƙara kuɗin ciniki kawai yake yi. Tara mai nauyi a littafi tana nufin abin da za a miƙa ta taga ya ƙaru, mai maye kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa na'urar da ke ajiye sakamakon kowane gwaji da lokacinsa, da kyamarar da ke jikin jami'i, da biyan tara ta hanyar da kuɗi ba sa ratsa hannun wanda ya yi kamun, suka fi sabon sashe a kundin doka amfani. Dole kuma ƙin hurawa ya zama laifi mai nauyi daidai da faɗuwa gwajin, kamar yadda yake a Birtaniya, in ba haka ba kowane mai wayo zai rufe bakinsa ne kawai.

Masu maimaitawa

A watan Mayun 1980, a jihar Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Cari Lightner tana tafiya a gefen hanya sai wani direba a buge ya kwashe ta, ya gudu. Da aka kama shi sai aka tarar an sha kama shi da wannan laifi, kuma kwanaki kaɗan kafin nan aka ba da belinsa a kan wani karon. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda aka fi sani da MADD. Matsin lambarsu na cikin abin da ya sa a 1984 Amurka ta tilasta wa jihohi mayar da shekarun sayen barasa 21. Babban abin da suka sauya shi ne yadda jama'a ke kallon laifin: a da abin dariya ne da ake ba da labarinsa washegari, suka sa masa fuskokin yaran da aka binne.

Labarin Cari ya tona wani rami da har yau ba a gama cikewa ba. Hukuma ta riga ta san mutumin. Ya shiga hannu, ya fita, ya koma mota. Ƙwace lasisi nan take a bakin hanya, ba tare da jiran shari'ar da za ta ɗauki watanni ba, yana da tasiri, domin hukuncin da ya zo da zafinsa shi ake ji. Sai dai lasisi takarda ce, mota ba ta tambayarsa kafin ta tashi, kuma da yawa daga waɗanda aka ƙwace wa suna ci gaba da tuƙi.

Daga nan aka zo da na'urar da ake haɗawa da makullin mota. Sai direba ya hura, idan ta ji barasa injin ba zai tashi ba, kuma tana sake neman ya hura a tsakiyar tafiya don kada wani ya hura masa a farko. Nazarce-nazarce sun nuna tana rage sake kama mutum da kusan kashi biyu cikin uku muddin tana jikin motar. Da zarar an cire ta, da yawa sukan koma gidan jiya. Wannan ya nuna cewa na'urar ta raba shan da tuƙin, amma ba ta taɓa shan ba.

Jihar Dakota ta Kudu ta gwada kama bakin zaren ta ɗaya gefen tun 2005. Maimakon a hana mai maimaita laifi tuƙi, sai a hana shi sha. Yana zuwa ya hura sau biyu a rana, safe da yamma, ko a ɗaura masa abin aunawa a ƙafa. Idan ya faɗi gwaji ko ya ƙi zuwa, a ranar zai kwana a tsare, dare ɗaya ko biyu. Hukuncin ƙarami ne, amma babu makawa kuma babu jinkiri. Binciken da aka yi a kan shirin ya samu raguwar sake kama masu tuƙi cikin maye, har ma da raguwar kame a kan dukan iyali a gida, abin da ba shi aka nufa ba tun farko. Ga wanda shan ya zame masa ciwo kuwa, sai an haɗa da magani da kulawar masana. Tsoro na aiki a kan mai iya fasawa. Wanda jikinsa ke karkarwa idan bai sha ba yana buƙatar fiye da tsoro, kuma tura shi gidan yari ya fito yadda ya shiga jinkirta haɗarin ne kawai.

Ba direba kaɗai ba

Kafin mai maye ya hau titi, idanu da yawa sun gan shi. Akwai wanda ya ci gaba da zuba masa, da wanda ya ba shi aron mota, da wanda ya shiga gefensa ya zauna. Ƙasar da ta fi ɗaukar wannan da gaske ita ce Japan, kuma da hawaye ta koya. A Nuwamban 1999 wani direban babbar mota da ya sha ya afka wa motar wasu iyali a babbar hanyar Tomei, motar ta kama da wuta, yara mata biyu 'yan shekara uku da ɗaya suka ƙone a gaban iyayensu. Shekara huɗu aka yanke masa, domin dokar lokacin sakaci kawai ta sani. Iyayen suka tara sa hannun jama'a, a 2001 aka ƙirƙiro laifin tuƙin ganganci da ya jawo kisa. A Agustan 2006 kuma, a Fukuoka, wani ma'aikacin birni a buge ya daki motar wasu iyali a kan gada, ta faɗa teku, yara uku suka mutu. Ya gudu, ya ɗirki ruwa da yawa don ya gurɓata gwaji. A ƙarshe shekara 20 ya samu. A 2007 doka ta faɗaɗa: wanda ya ba mai maye mota, da wanda ya ba direba barasa, da fasinjan da ya nemi a ɗauke shi alhali ya san direban ya sha, duk suna iya fuskantar ɗauri. Daga baya aka mayar da guduwa don ɓoye maye laifi mai zaman kansa, saboda an lura tsananin hukunci na sa wasu su tsere su bar wanda suka buge yana zubar da jini har sai barasar ta fita.

Mace-macen tuƙi cikin maye a Japan sun sauko daga sama da 1,200 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 200 a shekarun nan. Wani zai ce to ai ga shi tsanani ya yi aiki. Ya taimaka, ba musu. Amma tare da shi aka rage iyakar, aka jawo na kusa da direba cikin alhaki, wuraren aiki suka fara korar wanda aka kama, abin ya zama abin kunya na gaske. Sannan akwai mafita a kusa: sana'a ce guda a can, ka kira, mutum biyu su zo, ɗaya ya tuƙa ka a motarka har gida, ɗayan ya biyo ku a tasu. Babbar hujjar mai sha, wato "to motata fa?", ta faɗi.

Wannan batu na mafita ana yawan raina shi. Dabarar ware mutum ɗaya a cikin abokai wanda ba zai sha ba don ya mayar da kowa gida, wadda Beljiyam ta yayata da sunan Bob tun 1995, da motocin haya na dare, duk suna rage yawan lokutan da mutum zai tsaya shi da makulli da gurɓataccen tunani. A nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Inda shan barasa abin ɓoyo ne, ko don doka ko don kunya, mai sha yakan tafi nesa inda ba a san shi ba, kuma ba zai kira ɗan'uwa ya zo ya ɗauke shi ba, gara ya lallaɓa da kansa. Ƙyamar shan ba ta kare mai tafiya a ƙasa daga wannan mutum. Gwaji a hanya ne ke kare shi, kuma al'ummar da ta ce ita ba ta da wannan matsala ita ce ta fi jinkirin sayen na'urar.

Masu motocin haya da na kaya su ma suna da nasu kason. Faransa ta wajabta na'urar hurawa a manyan motocin safa tun 2015. Kamfanin da ya tsara wa direba tafiyar da ba ta yiwuwa sai da ƙwayar hana barci, sannan ya wanke hannunsa ranar da aka yi haɗari, abokin laifi ne. Gajiya kanta maye ce: bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu yana daidai da mai 0.05 a jini. Tabar wiwi, tiramadol, maganin tari mai kodin, magungunan barci, duk suna dagula tuƙi, haɗa su da barasa kuma ya fi muni. Auna su ya fi wuya, domin adadin sinadarin wiwi a jini ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan maye yadda barasa ke yi. Ingila da Wels sun sa iyakoki ga jerin ƙwayoyi a 2015 tare da gwajin yawu a bakin hanya, amma wannan fage har yanzu yana bayan na barasa nesa.

Ana sa rai da fasaha. Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci su zo a shirye don a iya haɗa musu na'urar hurawa, dokar Amurka ta 2021 kuma ta umarci a tsara ƙa'idar motocin da za su gane direba mai maye da kansu. Ko an cimma haka gobe, tsofaffin motoci za su ci gaba da yawo shekaru ashirin ko fiye, galibi a ƙasashen da suka fi fama da mace-macen hanya.

Bayan an yi rashi

Na ce zan dawo kan fushin iyalan da aka kashe wa nasu. Duk abin da na faɗa game da tabbacin kamu magana ce ta rigakafi. Idan rai ya riga ya tafi, akwai wani haƙƙi daban, kuma ba a auna shi da ko zai hana wani gobe. Uwar da aka ce mata wanda ya kashe 'ya'yanta biyu shekara huɗu zai yi, an gaya mata darajar da hukuma ta ba rayukansu. Kotu ta kira abin da sunansa: mutum ya san haɗarin, ya zaɓi ya jefa wasu a ciki. Maye ba uzuri ba ne da zai sassauta hukunci, tunda da hankalinsa ya fara sha. Haka kuma bai kamata matsayi ko dukiya su sa fayil ya ɓace ba, ko a matsa wa iyalan mamaci su yafe tun kafin a auna jinin direba. Yafiya hakkinsu ce, su bayar lokacin da suka ga dama. Amma titin na kowa ne, kuma mutumin da aka saki ba tare da ko rubuta sunansa ba zai sake bi ta kansa.

Ɗauri kuma ba ya ciyar da marayu. A 2022 jihar Tenesi ta Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa direban da ya kashe uwa ko uba cikin maye nauyin biyan kuɗin renon 'ya'yan da aka bari, har su kai shekara 18 su gama sakandare. Wata kaka ce daga jihar Mizuri ta fara fafutukar, bayan an kashe ɗanta da matar da zai aura da jaririnsu, aka bar mata jikoki biyu. Idan mai laifin yana tsare ba shi da halin biya, ana ba shi wa'adin shekara guda bayan fitowarsa ya fara, kuma bashin da ya taru yana nan a wuyansa ko da yaran sun girma.